A mayar da jar ƙasa cikin takardar kwangilar azuzuwa da ɗakunan shan magani a Kebbi

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Argungu da Jega, ajin da aka gina da bulon siminti aka rufe da kwano ba ya zaunuwa bayan hantsi. Kwanon da rana ta buga yakan kai digiri 60 ko fiye, silin ɗin da ke ƙarƙashinsa, in ma akwai shi, siriri ne, bangon kuma ba shi da kaurin da zai tare zafi. Shi ya sa malami kan kwashe yara ya koma da su gindin dogon yaro, ginin da aka kashe wa miliyoyi yana tsaye babu kowa a ciki. Haka ɗakin shan magani na ƙauye, haka zauren taron ƙaramar hukuma. Zane ɗaya ake ɗauka a kai Zuru, a kai Kamba, a kai Yawuri, ba tare da an duba ƙasar wurin ko iskarsa ko ruwansa ba.

Ra'ayinmu shi ne gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su shigar da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji cikin kayan da aka amince a yi ginin jama'a da su, su rubuta ƙa'idarsa dalla-dalla a takardar kwangila, su kuma sauya fasalin rufi. Ba muna kiran a koma tubalin hannu ba ne, kuma ba za mu ce abin zai rage kuɗi da rabi ba, domin lissafi bai nuna haka ba.

Ƙasa ba baƙuwa ba ce a ginin hukuma a wannan yanki. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu an gina shi a 1831, ya zama fadar sarki har 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. A maƙwabtanmu kuwa sana'ar ba ta tsaya ba. Masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, cikin wannan jihar ta Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa matsattse, aka kammala a 2018. Makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya kammala a 2001, da irin wannan bulo aka yi ta, kuma mutumin ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, wadda babu kamarta a fagen zanen gine-gine. Zafin waɗannan wurare da ƙurarsu da hadarinsu irin namu ne.

Mai adawa zai ce ginin ƙasa damina ke cinye shi, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya ga gidajen ƙasa sun zube. Gaskiya ne. Amma a tsaya a dubi yadda bangon ƙasa ke mutuwa. Je ka gindin kowace tsohuwar katanga bayan damina: daga ƙasa zuwa kamar tsayin gwiwa za ka tarar ta rame ta shige ciki, ta yi laushi, in ka sa farce sai ta zubo, alhali samanta na nan garau. Ruwan da ya zubo daga rufi ya bugi ƙasa ya fallatso shi ya zaizaye ta, danshin da ke hawowa daga ƙarƙashi kuma ya ƙarasa. In ƙasar wurin na da gishiri ko kanwa, za ka ga farin gari a wannan layin. Magina na da sun san haka, shi ya sa suke yin dakali a gindin bango, su fitar da indararo nesa, su shafe da makuba daga ɓawon ɗorawa ko laso na katsi da gashin akuya da dafara, su sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Wannan tsari na buƙatar mai gida da zai riƙa kula kowace shekara. Ginin gwamnati ba shi da wannan mai gidan. Don haka abin da ya dace da makaranta da asibiti shi ne ƙasar da aka ƙarfafa da ɗan siminti aka matse ta, a kan harsashin da ruwa ba ya ci.

Aikin yana farawa ne daga zaɓen ƙasa, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Ba kowace ƙasa ke yi ba. Ta saman gona mai saiwoyi da taki a kwashe ta, santimita 30 zuwa 50, a ajiye gefe, domin ruɓaɓɓen ganye na hana siminti kamawa. Baƙar lakar fadamar Gulbin Rima, wadda ke tsagewa da rani ta kumbura da damina, ba ta yi ita kaɗai. Rairayin da ya yi yawa a wasu sassan arewacin jihar shi ma ba ya riƙe kansa. Abin nema shi ne jar ƙasa mai burji, wadda kusan rabinta yashi ne, yumɓunta kuma tsakanin kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari.

Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike a matakin farko. A samu kwalba mai faɗin baki, a zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa ta biyo baya cikin awa guda, yumɓu kuma sai ya kwana. Da rula za a auna kaurin kowane hawa. Gwaji na biyu da hannu ake yi: a kwaɓa ƙasar, a mulmula ta ta yi tsawo da kaurin santimita 3, a riƙa tura ta a hankali tana leƙowa daga gefen tafin hannu. In ta karye kafin santimita 5, yashi ya yi yawa. In ta wuce 15 ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa, sai a ƙara yashi ko a yi amfani da farar ƙasa, wato lime, maimakon siminti. Tsakanin nan ne ake so. A maimaita gwajin duk lokacin da rami ya zurfafa ko launin ƙasar ya sauya, domin rami ɗaya kan ba da ƙasa iri biyu.

Bayan an shanya ƙasar an farfasa, a tankaɗe ta da rariyar waya mai ido milimita 5 zuwa 10. Ma'aunin siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ne na nauyin busasshiyar ƙasa. A kashi 6, buhu ɗaya mai kilo 50 na tafiya da kusan baro goma da aka share bakinsu, amma baro ya bambanta, saboda haka a ɗora ɗaya a sikeli tun ranar farko a san nauyinsa. A gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Ruwan kaɗan ne ƙwarai, kuma birkilan da ya saba da kwaɓin siminti hannunsa kan zarce. A dunƙula a hannu a saki daga tsayin mita ɗaya a kan daɓe mai tauri. In ya watse ya zama gari, ruwa bai isa ba. In ya lotse bai fashe ba, ruwa ya yi yawa. In ya rabu gida huɗu ko biyar, ya yi daidai. Kada a kwaɓa fiye da abin da za a matse cikin awa ɗaya, domin siminti ya fara kamawa ke nan, kuma bulon da aka matse da tsohon kwaɓi yana da kyan gani amma ba shi da ƙarfi.

Injin matsewa na hannu, da mutum biyar ko shida, yakan fitar da bulo 600 zuwa 800 a yini. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irin waɗannan injuna, ba sai an je waje ba. Girman da aka fi sani shi ne santimita 29.5 tsawo, 14 faɗi, 9 tsayi, nauyinsa wajen kilo 7, kuma buhu ɗaya a kashi 6 na ba da kamar guda 115.

Sai matakin da ɗan kwangila mai gaggawa ke tsallakewa. Bulon nan ba a shanya shi a rana kamar tubali. Siminti da ruwa yake ƙarfi, in ya bushe da wuri ya mutu. Da an fitar da bulo daga inji a jera shi a rufe da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma na aƙalla kwana bakwai, a bar shi a lulluɓe, kada a ɗora shi a gini sai ya cika kwana 28. Da hunturu, lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki saboda babu ruwan sama kuma an gama girbi akwai ma'aikata, iskar kan tsotse danshi cikin 'yan awoyi. Bulon da aka bari a buɗe a watan Janairu gefunansa za su riƙa marmashewa a hannu, shekara biyu kuma a ce ai ƙasa ce ba ta da ƙarko. Wurin da babu isasshen ruwan shayar da bulo, gara a buga shi a wani wuri a kawo.

Harsashi ba na ƙasa ba ne. A Zuru da Yawuri akwai dutse, a yi da dutse. A tsakiya da arewacin jihar akwai marmara, inda babu kuma a yi kankare ko bulon siminti cikakke marar rami. Ya ɗaga sama da ƙasa santimita 45, a bakin fadama 60 ko fiye, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kansa kafin a ɗora layin farko don hana danshi hawa. A zagaye ginin da daɓe mai faɗin mita ɗaya wanda ya karkata waje, da magudana mai kai ruwa nesa. Inda ambaliya ke kwanciya kwana da kwanaki, babu kayan ginin da zai cece shi, wurin ne za a sauya. Kwaɓin ɗora bulo a yi shi da ƙasar nan da siminti ɗan fiye da na bulon, kaurinsa bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, a jiƙa kowane bulo kafin a aza. A saman tagogi a zuba linta mai zagaye ginin gaba ɗaya, da rodi huɗu masu milimita 10 ko 12. Ita ke ɗaure bango, ita kuma za a ɗaure rufi a jikinta.

Bango mai kyau ba ya buƙatar shafe. Wannan na da wuyar karɓa ga masu ba da kwangila, waɗanda ke ganin gini bai kammala ba sai an yi filasta da fenti. Shafen siminti mai ƙarfi a kan bangon ƙasa marar siminti ma ɓarna yake yi: ba sa motsi tare, sai ya ɓanɓare, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, bango ya ruɓe a ɓoye. Inda ake buƙatar wankewa, kamar ɗakin haihuwa da wurin allura, a yi shafe ko tayil daga ciki zuwa tsayin da ake bukata, sauran a bar shi yana numfashi.

Rabin sanyin gini a rufi yake, kuma ko da bulon siminti aka yi gini wannan gyaran na da amfani. Abin da aka yi a Gando shi ne raba rufi biyu: silin na bulon ƙasa a ƙasa, kwano a ɗage sama a kan ƙarafa, iska na ratsa tsakani tana kwashe zafin kafin ya sauko. Tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya ta isa. A sa ragar waya saboda jemage da tattabaru. A zaɓi kwano fari ko mai haske, domin shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa da ake yayi yanzu zafi suke sha. Bakin rufi ya fito aƙalla santimita 80 daga bango, a gefen ƙofa kuma a yi baranda mai faɗin mita biyu.

Amma rufin da aka ɗaga iska na samun wurin kama shi. Guguwar farkon damina, wadda daga gabas take tasowa, ita ke yaye kwanon makarantu kowace shekara, kuma in aka duba akasari za a tarar katakon rufi ƙusa kawai ke riƙe da shi a saman bango. A dasa rodi ko ƙarfen ɗauri cikin linta tun tana ɗanya, a naɗe kowane katako ko a yi masa walda in ƙarfe ne, a ƙara yawan ƙusa a gefuna da kusurwoyi inda iska ta fi ja. Bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, shi ya fi cancantar bulon kashi 8 da bakin rufi mai tsawo.

Yadda aka fuskantar da gini ba ya cin ko kwabo. Tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa suna fuskantar juna, gajerun bangaye marasa taga su tari ranar safe da ta la'asar. Birnin Kebbi na kusa da digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi da tsakar rana. Bangon arewa ma yana son inuwa ke nan, abin da zanen da aka kwafo daga Turai ba ya la'akari da shi. Bango mai kaurin santimita 30 yakan jinkirta zafi kusan awa takwas, wato zafin azahar ba ya isa ciki sai an tashi daga makaranta. Ga aji wannan riba ce tsantsa. Ga ɗakin kwantar da marasa lafiya kuwa akwai sharaɗi, domin bangon da dare yake sakin zafin da ya tara. Dole a bar kafofin iska a sama kusa da silin da wasu a ƙasa, masu raga saboda sauro, waɗanda za su kwana a buɗe. In aka rufe ɗakin ruf, majinyaci zai fi shan wahala da dare fiye da a ɗakin kwano.

Yanzu lissafi. Aji mai mita 7 da mita 8, tsayin bango mita 3.2, in aka cire ƙofa da tagogi yana da bango kusan murabba'in mita 80. Da kaurin santimita 29.5, kowane murabba'i na cin bulo 66, jimla kusan 5,300, wato buhun siminti 46, da na kwaɓi ya ɗan haura 50. Da bulon siminti mai inci tara, guda 800 ake buƙata. In an buga shi bisa gaskiya, 30 a buhu, ya ci buhu 27, ɗorawa ta ci wajen 16, shafen ciki da waje wajen 14. Kusan kunnen doki ne. Bulon siminti na fitowa da araha ne kawai idan an ja buhu ya ba da 45 ko 50, wanda shi ne bulon da ke farfashewa tun a wurin sauke shi daga mota. Ribar jar ƙasa a wani wuri take: babu fenti yanzu kuma babu bayan shekara uku, tifofin yashi sun ragu, aji na zaunuwa ba fanka a garin da wuta ba ta zuwa, kuma kaso mai yawa na kuɗin yana tafiya ne ga masu haƙa da tankaɗe da matsewa, 'yan garin. Inda injiniya ya yarda a rage kaurin bangon kudu da arewa da ke cikin inuwa, a ƙarfafa shi da ginshiƙai, simintin ma zai ragu sosai. Tun da buhu ya haura naira dubu goma a farkon 2024, kowane buhu da aka rage abin lissafi ne, balle kuma sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ke ɗumama duniya.

Kebbi na da wani abu da sauran jihohi ba su da shi da yawa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, injinan casa manya da ƙanana suka yawaita, buntu ya taru tsibi-tsibi ana cinna masa wuta. Tan ɗaya na shanshera na ba da buntu wajen kilo 200, shi kuma ya ba da toka wajen kilo 40, wadda fiye da kashi 80 nata sinadarin silika ne. In an ƙona shi a zafin digiri 500 zuwa 700 aka niƙa tokar ta yi laushi, tana iya maye kashi 10 zuwa 20 na siminti. Sharaɗin na da muhimmanci. Baƙar tokar juji gawayi ne ya cika ta, raunana kwaɓi take yi, wadda kuma wuta ta yi wa yawa ta daina aiki. Ana son fara ko mai ruwan toka, daga murhun da aka gina don wannan. Aiki ne da ya dace Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero su riƙe, su gwada, su fitar da ma'auni kafin a sa shi a ginin yara.

Akwai abubuwan da ake kira na gida amma ba mu goyon bayansu. Jan bulon da ake gasawa da itace, a jihar da ke cikin shirin dashen itatuwa don tare hamada, asara ce. Azara ta yi wa kakanninmu aiki saboda gara ba ta cinta, amma giginya shekaru masu yawa take ɗauka kafin ta isa sara, kuma in kwangilar gwamnati ta buɗe mata kasuwa za a ƙarar da ita. A bar azara ga gyaran gine-ginen tarihi. Ramin da aka haƙi ƙasa kuma kada a bar shi ya zama kududdufi a bayan makaranta, matattarar sauro da haɗari ga yara. A rubuta a kwangila cewa za a lafta gefunansa, a mayar da ƙasar saman da aka ajiye, a dasa itatuwa, ko a gina shi ya zama tankin ruwa. Rufi mai murabba'in mita 100, a ruwan shekara na kusan milimita 800, zai iya tara lita 60,000.

Abin da ya rage na hukuma ne. Ma'aikatar ayyuka da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha su fitar da zanen aji da na ɗakin shan magani na bulon ƙasa, su sa shi a jerin farashi yadda mai ƙiyasin kuɗi zai iya lissafa shi. A fara da gine-gine kaɗan a wurare masu ƙasa daban-daban, ɗaya a Zuru, ɗaya a Gwandu, ɗaya a Dandi, a rataya ma'aunin zafi a cikinsu da cikin ajin siminti na kusa, a buga sakamakon kowa ya gani bayan bazara da damina. A horar da birkiloli tare da magina na gargajiya, domin waɗannan su suka san ƙasar kowane gari da hannu, kuma su suka iya bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke rufin soro. Kada a biya kuɗin bango sai an gwada bulo: daga kowane dubu a zaɓi biyar ba tare da ɗan kwangila ya nuna ba, a nutsar da su a ruwa awa 24. Wanda ya narke ko gefensa ya zube, a ƙi rukunin gaba ɗaya. Waɗanda suka tsira a kai su injin gwaji, jiƙaƙƙen bulo ya ɗauki aƙalla kilo 20 a kan kowane murabba'in santimita, busasshe kuma 40. Kwamitin iyaye da malamai na makarantar na iya yin gwajin ruwan da kansu da baho ɗaya, kuma ya kamata sa hannunsu ya shiga takardar biya.